Ƙaramin Akwati a Gefen Shafi

Da hantsi aka kira Insfekta, aka ce wuta ta ci wani sito a bayan layin teloli, kuma 'yan kwana-kwana sun fito da gawa.

Ya tarar da wurin yana ɗigar ruwa, hayaƙi bai gama fita ba. Gawar ta tsohon maigadin layin ce. Wuta ba ta taɓa shi ba, hayaƙi ne ya ɗauke shi yana barci a ƙuryar baya, inda ya saba fakewa idan ruwan sama ya matsa masa. Yana da makullin ƙaramar ƙofar baya, ya shiga ya sa sakata, ya kwanta a bayan kwalaye.

Insfekta ya sa sandarsa ya tona tokar da ke ƙasa. Abin da ya ɗago ƙarfen rigar mama ne, leshin ya narke ya manne a jiki. Ya shekara ashirin da wani abu a aikin ɗan sanda, ya ga jini ya ga ruɓa, amma sai ga shi yana waige-waige kamar an kama shi da abin kunya. Sajan, abokin aikinsa, ya kau da kai yana danne dariya, har idonsa ya sake faɗawa kan gawar, dariyar ta mutu.

Warin kananzir ya cika ɗakin. A kan tebur akwai kwamfuta da ta ƙone ƙurmus, kuma a nan wutar ta fi ci, alamar nan aka fi zuba man.

"Ƙofar gaba fa? A buɗe kuka same ta?" Insfekta ya tambayi shugaban 'yan kwana-kwana.

"A kulle. Mu muka yanke kwaɗon."

Insfekta ya juya kwaɗon a hannunsa. Ba a taɓa shi da guduma ba. Wanda ya sa wutar da makulli ya shiga, da ya gama kuma ya tsaya ya kulle ƙofa, kamar mai barin gidansa.

Mai siton tana zaune a shagon wani tela, an ba ta ruwa ta kasa sha. Kowa a layin Auta yake ce mata. Matashiya ce, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu, kuma da sayar da kayan ciki na mata ta intanet take riƙe su: rigar mama, kamfai, rigar barci. Ba ta da kanti. Mace ta zaɓa a waya, ta biya da kati, a kai mata a kwali marar rubutu.

Ta ba shi labarin sana'ar tana share hawaye. Shekara guda shafin nata yana nan kamar maƙabarta, mata su leƙo su wuce. Sai ta nemo wani mai gyaran shafuka da ake kira Injiniya. Ya sake ɗaukar hotuna da haske mai kyau, ya sa jadawalin awo don mace ta san lambarta ba sai ta tambayi kowa ba, ya rage matakan biya, ya sa shafin ya riƙa buɗewa da sauri. Ciniki ya ɗan motsa. Amma abin da ya buɗe kasuwar shi ne wani ƙaramin akwati da ke tasowa a gefen shafi yana faɗin cewa wance ta sayi kaza. Mata suna ganin wasu na saye, sai su ma su saki jiki.

"Wa ya ce a sa akwatin?"

"Injiniya. Ni ban san komai a kai ba."

"Makullin ƙofar gaban sito fa, su wa ke da shi?"

"Ni kaɗai."

"Akwai wanda kuka samu saɓani?"

"Babu, ranka ya daɗe. Ni da ko fita ba na yi."

Ta amsa maganar makulli da sauri fiye da sauran, kuma idonta na kan keken ɗinki. Insfekta bai matsa mata ba. Ya san mutum ba ya yin irin wannan ƙaryar don kansa, sai don wani da yake so.

Ofishin Injiniya ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon gyaran waya, fanka na juyawa tana kaɗa zafi. Mutum ne mai yawan magana, irin waɗanda za ka tambaye su ƙarfe nawa su ba ka tarihin agogo. Ya yi ta bayanin yadda ya ninka cinikin Auta, har da alfahari, sai da Sajan ya tuna masa an mutu.

"Sunayen da ke fitowa a akwatin nan, na gaske ne?"

"Haba, yallaɓai. Ƙirƙira ce. Kowa haka yake yi."

"Buɗe mu gani."

Ya buɗe. Insfekta ya yi mamakin ganin shafin yana nan daram, hotuna na sheƙi, kamar ba a yi gobara ba. Injiniya ya ce ai shafi ba a cikin kwamfutar sito yake zaune ba, yana can a wata na'ura mai nisa, ko an ƙone layin teloli gaba ɗaya ba abin da zai same shi.

Akwatin ya taso, ya nuna suna da unguwa da abin da aka saya, ya ɓace, wani ya taso. A na huɗu Sajan ya dafe baki.

"Oga, wannan matar maƙwabcina ce. Katanga ɗaya ta raba mu."

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Injiniya ya hau gumi, ya ce gaskiya shi ya kawo shawarar a sa sunayen bogi, ko a rubuta "wata mata" kawai. Auta ce ta ƙi. Ta ce ba za ta ciyar da marayu da ƙarya ba, in za a ce an saya to a faɗi wadda ta saya da gaske. Shi kuma ya haɗa akwatin da sunan da ke kan katin biya, ba da sunan da mai saye ta rubuta a kai wa kaya ba, don ya fi masa sauƙi. Akwatin yana zagaya tsofaffin ciniki ne ba dare ba rana, ya gama ya sake daga farko.

Insfekta ya ja kujera ya zauna. Ya daɗe yana kallon asirin matan gari na wucewa ɗaya bayan ɗaya, ransa na ƙara ɓaci. Matan da suka zaɓi saye ta waya don kada ko mai kanti ya kalle su, ga su an shanya su a bainar jama'a. Garin neman gira an rasa ido.

Sai wani suna ya taso da sunan mahaifi irin na Auta. Abin da aka saya kuwa rigar mama ce mai aljihun soso a ɓari ɗaya, irin ta matan da aka cire wa nono a asibiti.

Ya sa Injiniya ya ɗauki hoton allon a matsayin shaida, sannan ya ce a kashe akwatin nan take.

Da ya koma ya nuna wa Auta hoton a wayarsa, sai ta karanta, ta sake karantawa, bakinta na motsi babu murya. Ta ce yayarta ce, malamar makaranta, wadda ta goya ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta ce ƙarya ce, Yaya lafiyarta ƙalau, bara dai ta yi wata biyu a wani gari wai ta je kwas. Tana faɗin kwas ɗin, ita ma ta ji yadda maganar ta fito.

Ta tuna odar. Sunan wata baƙuwa ne a kan kwalin, aka ce a ajiye a wani kantin magani za a zo a karɓa. Ita da hannunta ta naɗe rigar, har ta yi wa mai ita addu'ar samun sauƙi. Shafin nata kuwa ba ta taɓa zama ta kalle shi yadda masu saye ke kallo ba, oda kawai take dubawa a waya.

"Makullin sito," in ji Insfekta a hankali.

"Akwai ɗaya a wurin Yaya."

"Wani abu ya faru a gidanta kwanan nan?"

Auta ta rufe fuska da mayafi. Ta ce an kusa ɗaura auren 'yar Yaya, ɗiyarta tilo, sai makon jiya dangin mijin suka aiko wai sun fasa. Ba su faɗi dalili ba, Yaya ma ba ta ce komai ba. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ta roƙe shi ya bar maganar, ta ce ta yafe kayan, ta janye ƙara. Ya ce mata kaya nata ne, tana iya yafewa, amma ran maigadi ba nata ba ne. Ya faɗa ne yana jin ɗacin maganar a bakinsa.

Gidan Malama tsaf yake, littattafan 'yan makaranta jere a kan tebur, jan biro a kai. Ta karɓe su da ladabi, ta sa 'yarta ta kawo ruwa sannan ta ce ta shiga ciki. Doguwa ce, ta rame, kuma tana zaune ne tana ɗan karkata kafaɗar hagu. Auta ta biyo su, ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shigowa.

"Ina kike da asubahin yau, Malama?"

"A gida."

"Makullin siton ƙanwarki?"

"Ya daɗe da ɓata."

"Me ya samu hannunki?"

Ta dubi hannun damanta da ta naɗe da bandeji. Ta ce ruwan zafi ne. Insfekta ya ce ruwan zafi ba ya babbake gashin gira. Ta kai yatsa ta shafa girarta, ta yi wani ɗan murmushi irin na malamin da ɗalibi ya kama shi da kuskure a allo.

Daga nan ba ta ƙara wahalar da shi ba. Ta ce ciwon daji ne, an cire mata nono ɗaya, daga ita sai mijinta suka sani. Ta ɓoye ne saboda yarinyar, don ta san halin mutane, za a ce ciwon gado ne. Rigar kuwa tana iya saye a ko'ina, amma kullum Auta na kukan babu ciniki, sai ta ga gara cinikin ya shiga hannun 'yar'uwarta. Ta sa sunan wata, ta ɗauka ta rufa wa kanta asiri. Ƙanwar saurayin 'yarta ce ta gani a shafin, ta ɗauki hoto ta tura wa dangi, kafin la'asar ya zagaye har ɗakin malamai na makarantarsu.

"Me ya hana ki gaya wa ƙanwarki ta cire?"

"Na kira ta. Tana ta murna kasuwa ta buɗe, ta biya wa yara makaranta. In ce mata me? Sai na buɗe baki na faɗa mata ciwon, ni kuwa ko a gaban madubi ban taɓa faɗa ba."

Ta ce ba kayan ta je ƙonawa ba, kwamfutar ta je kashewa. A tunaninta shafin a cikinta yake, in ta ƙone sunanta zai daina fitowa. Ba ta san tsohon yana ciki ba. Da labarin ya iso mata da safe, ta zauna a nan inda suka same ta, tana jiran wanda zai zo.

Ta ɗago ta dubi Insfekta. "Amma dai ya daina fitowa tun asuba, ko?"

Insfekta ya so ƙwarai ya yi mata ƙarya. Ya duba fuskarta ya ga mace ce da za ta gane, kuma kotu za ta gaya mata ko shi bai faɗa ba.

"Har azahar yana fitowa, Malama. Shafin ba a cikin kwamfutar yake ba. Ɗazu na sa aka kashe, da dannawa ɗaya."

Ba ta yi kuka ba, sai dai jikinta ya saki a kujerar, ta ce, "Ashe a banza na kashe bawan Allah."

Auta ta faɗo ɗakin ta durƙusa ta riƙe ƙafafunta, tana cewa ita ce ta ce a sa sunayen gaskiya, ita ya kamata a kama. Malama ta ɗora hannun bandejin a kanta, ta ce ta tashi, kuka ba zai gyara komai ba, ga yarinya nan a ɗaki tana jin duk abin da ake faɗa, ta je wurinta.

Sajan ya ciro ankwa, Insfekta ya girgiza masa kai. Hannun hagunta a kumbure yake tun daga aikin da aka yi mata a asibiti, na dama kuma a ƙone, babu inda za a sa ƙarfe.

A bakin ƙofa yarinyar ta fito da gudu, ta miƙa wa Insfekta wata leda cike da magunguna. Idonta a bushe, ta bayyana masa wanda ake sha da safe da wanda ake sha bayan abinci, ta ce ranar Talata Mama tana da ganin likita, don an ce abin ya fara taɓa ɗaya ɓarin. Ta tambaye shi ko za a bar Mama ta je.

Ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa. Ya san yadda shari'ar kisa ke jan ƙafa, ya kuma san abin da idonsa ya gani a jikin matar, da wuya ta kai ranar da alƙali zai yanke mata hukunci. Ya buɗe wa Malama ƙofar mota, ya jira ta zauna a hankali, sannan ya ɗora mata ledar a cinya ya rufe.