Wanda Ba Ya Cikin Hoto

Ranar Asabar da hantsi suka fara haɗuwa, a ɗaki na biyu na gidan tarihi, inda aka jera tsoffin kekunan ɗinki cikin akwatunan gilashi. Auta tana riƙe da hannun mahaifinta, Umma tana biye da jakar magani, sai wani saurayi mai rigar ma'aikata ya matso yana bayani.

"Wannan keken, Baba, da ƙafa ake..."

"Ake taka shi. Shekara arba'in ina taka irinsa," tsohon ya katse shi. "Kai dai wa ya ɗinka maka rigar nan? Dubi wuyanta a karkace, kamar wanda aka janye daga dambe."

Kunya ta kama Auta. Ta sassauta murya ta ce, "Ka yi haƙuri, Malam. Ba shi da lafiya."

"Amma idonsa lafiya lau," in ji saurayin yana dariya. "Rigar a karkace take."

Ta ɗago ta dube shi, ta yi saurin mai da ido ƙasa. Don ta rufe zancen sai ta miƙa masa wayarta. "Don Allah ɗan ɗauke mu hoto."

Suka jeru a gaban akwatin gilashin. Ya ja baya, ya ɗauka.

Ciwon mantuwa ne ya kama Baba, tsohon telan da a da yake gane awon mutum da kallo ɗaya. Likita ya ce babu magani, sai dai a jinkirta tafiyar ciwon: a riƙa fita da shi wurare iri ɗaya, a ɗauki hoto, a wanke, a liƙa a kundi, a rubuta bayani a ƙasa. Shi ya sa duk Asabar suke bin hanya guda. Gidan tarihi da safe, gidan namun daji in rana ba ta yi zafi ba, sannan gidan abincin da ke kwanar titi, tebur na kusa da taga, shinkafa da kifi.

Kundin nan ya zama ƙwaƙwalwar Baba. Wanda ke ciki nasa ne. Wanda ba ya ciki baƙo ne, ko da tare suka tashi.

Mutane suna jure mara lafiya na wata guda ne, bayan nan sai kowa ya tuna yana da aiki. Yayan Auta ya raka su sau biyu, ya koma gaisuwar waya. Dangi suka koma "Allah Ya ƙara sauƙi." Aka bar tsohuwa da yarinya da jakar magani.

Saurayin nan, da suka laƙaba wa Jagora, shi ne bai gaji ba. Duk Asabar Baba zai gan shi sabo fil, ya yi masa faɗan wuyan riga da kalmomi iri ɗaya, shi kuma ya yi dariya kamar yau ya fara ji. Ba kyansa ne ya kama Auta ba, don ba wani kyau gare shi ba. Dariyar nan ce da ba ta tsufa.

Ranar da wayarta ta cika da hotuna, ya ɗauka da tasa, dole ya karɓi lambarta. Da la'asar saƙo ya shigo.

"'Yar Asabar, ga hotunan. Kin rufe ido a na uku, amma ban goge ba. Saura kwana bakwai."

Ta amsa: "Mai Hoto, goge shi. Kuma ka kai rigar nan wurin tela kafin Baba ya kai ka ƙara."

"Ba zan kai ba. Ita kaɗai ke sa ya kula ni. In na gyara ta, da me zan riƙe ku minti biyar?"

Ta karanta sau uku, ta kife wayar a kan cinyarta.

Shekara ta zagayo. Jagora ya zo gida gaisuwa, ya durƙusa a falo ya faɗi abin da ya kawo shi. Baba ya dube shi, ya jawo kundin, ya lashi yatsa ya fara buɗewa. Shafi ɗaya, biyu, goma, ashirin. Yana duban hoto yana duban fuska. Da ya kai ƙarshe ya rufe.

"Ban san ka ba."

"Baba, shi ne na gidan tarihi," in ji Auta daga bakin ƙofa. "Duk sati muna tare."

"Da muna tare da yana nan. Ba na ba da 'yata ga mutumin da ban taɓa gani ba. Tashi ka tafi, ɗan samari."

A nan Auta ta gane abin da suka yi. Asabar hamsin, hoto sama da ɗari, kuma shi ne ya ɗauki kowane ɗaya na gidan tarihi. Ba wanda ya taɓa cewa ya shigo ya tsaya. Mai yi maka hidima shi kake mantawa da shi, wannan halin mutane ne, masu lafiya da marasa lafiya.

Akwai kuwa wanda yake cikin kundin har ya yi yawa: mai gidan abincin kwanar titi. Mutum ne mai fara'a da faɗin kafaɗa. Da an ce hoto zai miƙa wa ma'aikacinsa waya, ya cusa kansa gefen Baba yana washe baki. Ba mugu ba ne, amma ya san abin da yake yi. Da ya gabatar da kansa yana neman auren Auta, Baba ya buɗe kundi ya yi murmushi.

"Wannan namu ne. Ga shi nan, ga shi nan."

Umma ta zaunar da Auta a kicin. "Mutumin kirki ne, yana da sana'a, kuma Babanki ya san fuskarsa. Me kike nema kuma?"

"Umma, fuska ya sani. Jagora kuwa shi ya ɗauko Baba a baya ranar da ya faɗi a matakala."

"Na sani, ina wurin. Amma na gaji, Auta. Ina so in ga an yi yana da sauran hankali."

Suka gwada gyara kuskuren. Suka roƙi wata mata ta ɗauke su tare da Jagora, Auta ta wanke ta liƙa. Washegari ta tsinci hoton a ƙasa, an ɓamɓare shi. Ciwon ya riga ya kai matakin da Baba ba ya yarda da sabon shafi. Tsofaffin da yatsunsa suka saba da su kaɗai yake dubawa.

"Wa yake cusa mini baƙi cikin iyali?" ya tambaya, ransa a ɓace.

Yaya ya bugo waya daga inda yake. "Ke ma kin cika wahalar da kai. Ni zan tsaya a ɗaura miki da wanda kike so. Baba bai ma san ana yi ba."

"Shi ya sa ba za a yi ba, Yaya. Mutumin da ya ɗinka kayan auren 'ya'yan mutane, ba zan yi nawa a bayan idonsa ba yana raye. In bai ba da ni da bakinsa ba, na haƙura."

"In bakin ya rufe fa?"

Likita ya riga ya ce watanni ne suka rage kafin magana ta fara kufce masa. A makon nan ma Baba ya daina kiran sunanta. "Yarinya" yake ce mata.

Ana cikin haka Jagora ya shiga gidan abincin sayen abincin rana. Mai gidan ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Baban Auta ya amince da ni. Ka shirya, kai za ka ɗauke mu hoton biki, hannunka yana da kyau."

Asabar ta zo, wata ma'aikaciya ce a ɗakin kekunan. Ta ce Jagora ya nemi a mai da shi ɗakin ajiya a ƙasa. Suna cikin mota saƙonsa ya iso.

"Na ji labari. Allah Ya sanya alheri. Ba zan tsaya tsakaninki da wanda Baba ya sani ba. Ki yafe mini, 'Yar Asabar."

Ta rubuta: "Ka ji labari a bakin mai sayar da shinkafa, ba ka tambaye ni ba, ka yanke hukunci. Ban amince da kowa ba. Na ɗauka kai ba ka gajiya. Ashe kai ma irin su Yaya ne."

Ya amsa: "Ban gaji ba. Amma in zamana zai sa ki rasa albarkarsa, gara in ɓace." Ta goge abin da ta fara rubutawa, ta bar shi haka.

Sati uku babu saƙo. A na uku Baba ya tsaya a gaban akwatin gilashin yana waige-waige, ya ƙi tafiya.

"An ɗauke wani abu a ɗakin nan," ya ce.

"Me aka ɗauke, Baban Auta?" in ji Umma.

"Ban sani ba. Amma an ɗauke."

Daga ranar ƙafarsa ta yi rauni, fita ta tsaya. Ya koma zama a kujerar bakin taga da kundi a cinya, da gilashin nan mai ƙara girman abu da yake zura zare a allura da shi. Ba mutane yake dubawa ba yanzu. Kekunan ɗinkin da ke bayansu yake nema.

Wata Talata da azahar, Auta tana guga, ta ji ya kira.

"Yarinya, zo. Waye wannan a cikin gilashi?"

Ta leƙa. A hoton su uku ne a gaban akwatin. Amma a jikin gilashin, sama da kafaɗar Umma, ga inuwar mutum dishi-dishi, ya ɗaga waya ta rufe rabin fuskarsa. Wuyan rigarsa a karkace.

Baba ya juya shafi. Yana nan. Ya sake juyawa. Yana nan. Ya bi tsofaffin shafukan ɗaya bayan ɗaya da yatsa, har wanda ya fi kowane dattin hannu, na ranar farko.

"Yaron nan ya daɗe tare da mu," ya ce a hankali. "Me ya sa kuka bar shi a waje? Kuma ba wanda ya gyara masa riga? Kira shi. Ya zo da ita."

Da ƙyar ta ga haruffa saboda hawaye. "Mai Hoto, Baba ya gan ka. Ka zo yanzu da rigar aiki. Kada ka tsaya komai, ban san ko zai kai la'asar yana tune ba."

Kafin minti arba'in ya iso yana haki. Baba bai duba fuskarsa ba, wuyan rigar ya duba, ya duba kundi, ya gyaɗa kai. "Cire."

Umma ta kawo gwangwanin allura da zare. Hannun da ba ya iya riƙe cokali daidai ya farke ɗinkin, ya daidaita, ya fara bi a hankali. Kai ya manta, yatsu ba su manta ba.

"Me kake nema a gidana?" Baba ya tambaya, idonsa a kan allura.

"Auta nake nema, Baba. Da aure."

"Wace ce Auta?"

Ta durƙusa a gabansa. "Ni ce, Baba."

Ya ajiye allurar, ya buɗe kundi, ya nemo fuskarta, ya karanta abin da ke rubuce a ƙasa da rubutun Umma: Auta, 'yarka ta ƙarshe. Ya daɗe yana kallonta.

"Kina son sa?"

"Ina son sa."

"Mutumin da ya tsaya a bayanmu tsawon lokacin nan bai nemi a gan shi ba, zai riƙe mace. Na ba ka ita. Ke, uwar yarinya, ki zama shaida."

"Na shaida," in ji Umma, tana share ido da gefen mayafi.

Washegari ya manta komai. Umma ta ɗauki biro ta zana kibiya zuwa inuwar da ke cikin gilashi, ta rubuta: Mijin Auta. Kai ka ba shi da bakinka. Ita da kanta ta je ta gaya wa mai gidan abinci. Ya ce Allah Ya sa haka ya fi alheri, ranar biki kuma ya aiko da abinci.

Bayan sati uku aka ɗaura aure. Baba yana zaune a tsakiyar jama'a yana tambayar auren wa ake yi. Kundin bai warkar da shi ba, kuma ba zai warkar da shi ba. Rana guda kawai ya ƙwato musu daga hannun ciwon, ita ce rabonsu.

Asabar ta gaba suka tura shi a keken marasa lafiya zuwa gidan tarihi. Jagora ya dawo ɗakin kekuna, yana sanye da rigar aikinsa. Auta ta miƙa wayarta ga wani baƙo, ta kamo hannun mijinta ta jawo shi tsakiya.

"Yau a ciki za ka tsaya, Mai Hoto."

Ya sunkuya kusa da tsohon. Baba ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba, ya kai hannu ya shafa wuyan rigar, ya bi ɗinkin da babban yatsa.

"Wannan aikin gwani ne. Wa ya yi maka?"

"Surukina, Baba."

"Allah Ya yi masa albarka." Ya dubi hannayensu biyu a haɗe. "Matarka ce wannan?"

"Ita ce."

"Ka riƙe ta da kyau, da gani 'yar mutunci ce. Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku 'ya'yan da ba za su gaji da ku ba."

"Amin, Baba," in ji Auta.

Baƙon ya ce su dubi nan, ya ɗauka.