Wanda Bai Iya Saka Kaset Ba

Ina da wani ɗan hali da ba na so a ambata ranar jana'izata. Nakan ɗauki abu a laburaren unguwarmu ba tare da na sa hannu a rajista ba. Ni ne sakataren kwamitin laburaren, ni na rubuta dokar sa hannun a bango da fenti, kuma iya sanina ni kaɗai ke taka ta. Ba ma don karatu nake ɗauka ba kullum. Akwai ƙamus da ya shekara biyu yana daidaita ƙafar gadona, akwai kaset da ke tokare da tagata.

Laburaren ɗaki biyu ne da tsofaffin malaman makaranta suka gina a Kankara. Akwai littattafai, da ɗaurin tsofaffin jaridu, da kanta guda cike da kaset: tafsiri, shirye-shiryen manoma, waƙoƙin biki. Shekarar da aka katse mana layin waya na watanni, har a ƙasa ake zama don cika. Da layi ya dawo, sai muka koma mu uku da ƙadangaru.

Ranar wata Alhamis bayan La'asar, Hajiya Amatullah da ke makwabtaka da wurin ta leƙa ta tarar da Malam Barau, mai kula da laburaren, kwance bayan kanta, jini ya jiƙe masa hula. Yana numfashi amma ba ya magana. Aka wuce da shi asibiti, ni kuma aka kira ni saboda ni ke da ɗayan makullin.

Sufeto Sadiq ya iso kafin in gama salati. Dogo ne, ba ya ɗaga murya, kuma yana kallon mutum kamar ya riga ya karanta shi.

Ya dubi kwamfutoci biyun da aka ba mu kyauta. Suna nan. Batirin sola yana nan. Kantar kaset kaɗai aka birkice, an watsar da su a ƙasa, an buɗe akwatunansu.

Ya tsuguna gaban tsohuwar rikodar Malam Barau. An cusa mata kaset kai ƙasa, an danne murfin da ƙarfi har ya tsage.

"Malam, shekarunka nawa?"

"Hamsin da huɗu, a takarda."

"Za ka saka kaset haka?"

"Ko daga barci aka tashe ni, Yallaɓai."

"To wanda ya yi wannan bai tashi da kaset ba. Kuma ba sata ta kawo shi ba. Wata murya yake nema."

Sunan ƙarshe a rajistar ranar na Alhaji Mas'ud ne, ɗan kasuwar da ya daɗe yana cewa a mai da laburaren sito tunda komai yanzu yana cikin waya. Muka same shi a shagonsa.

"Ni? Mi zan je yi can? Rabona da wurin nan tun ana gininsa."

Sufeto ya buɗe rajista ya ajiye masa a kan buhu. Alhaji ya daɗe yana kallon sa hannunsa.

"To, na shiga. Akwai wata tsohuwar jarida da ta buga hoton mahaifina a gasar manoman auduga. Na nema a waya har na gaji, babu. Nakan je in gan shi. Don Allah Malam kar wannan ta fita."

"Wa ka bari a ciki?"

"Ban ga kowa ba."

"Alhaji."

"Ban ga kowa ba, Yallaɓai." Ya leƙa waje, ya rage murya. "Kai wata rana za a yi maka canjin wurin aiki. Ni nan zan ci gaba da zama da iyalina. Ina ɗakin jaridu, ban ɗaga kai ba, kuma na gode Allah da ban ɗaga ba. Abin da na ji kawai, Malam Barau na ce ma wani, 'Amanar Shafa'atu ce, ba ta fita daga nan.' Sai na sulale ta ƙofar baya."

Na san Shafa'atu, na koyar da ita a firamare. Wata biyar da suka wuce 'yan bindiga suka tare mijinta Bilya a hanyar kasuwar Sabuwa, kuma bai dawo da rai ba. Da ta fita takaba sai ta koma gidan iyayenta a Mairuwa. Sufeto ya ce ba za ta buɗe baki ga baƙo ba, don haka gobe da safe zan raka shi. Na so in ce ina da ciwon baya, sai na tuna yana kallona.

A nan sai na yi wa wanda ba ɗan yankinmu ba bayani. Mu ba ma hawa hanya da waya cike. In aka tare mota, waya ake fara dubawa. Hoton ɗan sa-kai, ko lambar wani mai kaki, ko saƙon da ya nuna kana da hali, ya isa a wuce da kai daji. Saboda haka kafin tafiya sai a wanke waya tas. Mu da ba mu iya ba, muna kai wa Shamsu mai rumfar caji a bakin tasha. Matashi ne mai fara'a, hannunsa da sauri.

Da sassafe na miƙa masa tawa.

"Baba Malam, yau kuma ina aka nufa?"

"Mairuwa, da Sufeto. Wajen matar marigayi Bilya."

"Allah sarki. A motar ofis?"

"A'a, wata farar ƙaramar mota. Bayan Juma'a za mu juyo."

Na faɗi wannan duka da ɗan alfahari, don ba kullum ake ganina da Sufeto ba.

Muka hau hanya, muka wuce Yargoje. Gonaki ne hagu da dama, dawa ta fi mutum tsawo, ba kowa a cikinsu. Duk babur ɗin da ya ɓullo daga nesa sai in bi shi da ido har ya wuce. Sufeto na sanye da kayan gida, hannunsa ɗaya a sitiyari, ɗayan a ƙarƙashin riga.

Shafa'atu ta karɓe mu a zaure, mahaifinta na tsaye bakin ƙofa yana duba titi. Ta rame ƙwarai. Sai da na kira ta da sunan da muke tsokanarta da shi a aji sannan ta ɗago.

"Lokacin da suke kirana kan kuɗin fansa," in ji ta, "na ji tsoron ajiye muryarsu a waya. Sai surukina ya kawo rikodarshi, muka riƙa buɗe muryar wayar muna ɗauka a kaset. A kira na uku, mai maganar ya amsa wata waya daban bai kashe tawa ba. Aka ji wani yana ce mashi, 'Shi ne mana, mai shuɗiyar hula, ai na gaya maku.' Malam, na san muryar nan. Na sha jin ta. Amma duk lokacin da na kusa kamo ta sai ta kuɓuce mani."

"Ina kaset ɗin?" in ji Sufeto.

"Na kai ma Malam Barau. Na ce waya a yau an wanke ta, gobe an ƙwace ta, amma abin da ya shiga hannunshi ba ya ɓata."

"Wa kika gaya ma wa?"

"Ba kowa. Sai dai makon jiya da na shiga Kankara, na tambayi Shamsu ko ana iya juye kaset a waya. Ya ce mi ke ciki, na gaya mashi. Ya ce in bari zai je ya karɓo da kanshi."

"Ranar da Bilya zai tafi Sabuwa, wa ya wanke mashi waya?"

"Shamsu," in ji ta.

Sufeto ya juyo gare ni a hankali. "Malam, na ga wayarka fes da safe. Wa ya wanke maka?"

"Shi ɗin dai," na ce.

"Mi ka gaya mashi?"

"Gari," na ce. "Da sunanta. Da launin mota. Da lokacin dawowa."

Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi jin daɗi. Ya ce wa Shafa'atu ta ɗauko 'ya'yanta biyu yanzun nan, kar ta tsaya haɗa kaya. Ba mu jira Juma'a ba. Muka bi ta Funtuwa da Malumfashi, hanyar da ta ninka tsawo, ni a baya da yarinya a cinya, ina karanta duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa.

Washegari da hantsi Sufeto ya aika kurtu biyu su gayyato Shamsu laburare, wai ana neman taimakonsa a kan na'ura. Ya shigo da fara'arsa. Da ya gan ni zaune da raina, fara'ar ta ɗan yi tuntuɓe. Da ya ga Shafa'atu a kusurwa, sai ta tafi gaba ɗaya.

"Ka taɓa shigowa nan?" in ji Sufeto.

"Ni da laburare, Yallaɓai? Ai ni komai nawa a waya yake."

"Ranar Alhamis bayan Azahar kana ina?"

"Rumfa."

"Mai shayin kusa da kai ya ce ka bar mashi jiran rumfa fiye da awa guda."

"Na je sallah."

"Doguwar sallah. Madalla." Sufeto ya tura masa wata rikoda da muka aro, da kaset guda. "Saka mana wannan."

Shamsu ya juya kaset ɗin a hannu kamar wanda aka ba ɗanyen kifi. Ya laluba har murfin ya buɗe. Ya cusa shi kai ƙasa. Murfi ya ƙi rufuwa, ya sa tafin hannu zai danne.

"Bari," in ji Sufeto. "Ka riga ka fasa mana ɗaya."

Sufeto ya zaro ambulan daga aljihu, an rubuta sunan Shafa'atu a bayansa. Ya fitar da kaset daga ciki, ya saka shi daidai, ya rufe, ya ɗora yatsa a kan maɓalli.

"Ka birkice kanta guda ba ka same shi ba. Ga shi. In na danna, ita za ta ji, Malam zai ji, kuratan nan za su ji, mutanen da suka taru a waje ma za su ji. Ko ka gaya mani da bakinka a ofis, ko su ji daga nan. Zaɓi."

Ta taga ana hango kawunan mutane. Shamsu ya dube su, ya dubi yatsan, sai ya zauna a ƙasa.

"Kar ka danna. Don Allah kar ka danna, kashe ni za su yi." Muryarsa ta koma ta yaro. "Tare ni suka yi shekara biyu da suka wuce. Suka ce ko in zama idonsu ko su zo har gida. Ni dai ina faɗa masu wanda zai yi tafiya, ban taɓa riƙe bindiga ba. Malam Barau kuma roƙonshi na yi, ya hana. Na ce ya nuna mani, ya ce sai mai amana ta zo. Sai na ɗauki kujera."

"Bilya na nawa ne cikin waɗanda ka nuna masu?"

"Ban sani ba."

"Jiya fa?"

Ya kalle ni, ya sunkuyar da kai. "Na ce masu farar mota, bayan Juma'a."

Shafa'atu ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Ita ce muryar." Aka sa masa ankwa, aka fitar da shi ta ƙofar baya, wadda Alhaji Mas'ud ya sulale ta ciki.

Da motar da ta ɗauke shi ta tafi, Sufeto ya danna maɓallin. Wani malami ya ci gaba da bayani a kan hukuncin taimama daga inda ya tsaya shekara talatin da suka wuce.

"Daga ƙasa na tsince shi," in ji Sufeto. "Ambulan kuma ni na rubuta. Amma kotu za ta so na gaskiyar. Mu roƙi Allah Malam Barau ya farka."

Ya farka a rana ta huɗu. Muna tsaye kansa, Sufeto ya sunkuya ya tambaye shi. Da ƙyar maganar ke fita.

"Na sa shi inda ba mai taɓawa. Akwatin da aka rubuta 'Adana wake a rumbu, kashi na biyu'. Shekara ashirin ba wanda ya are shi. Da yaron ya ɗaga kujera, tsoro ya kama ni, Allah ya yafe mani. Na ce tsaya in ba ka. Na duba inda na ajiye, babu. Ya ɗauka wasa nake mashi."

Sufeto ya ce ya bi rajista shafi-shafi, ba wanda ya ari wannan kaset.

Gaskiya ne, ba wanda ya sa hannu. Kwana tara kafin a doki Malam Barau na ɗauke shi, kuma tun ranar yake tokare da tagar ɗakina.