Ni da Mai Gemun Rasha

"Babban akwatin lefena ka ɗauka, Zayyad?"

Ya sunkuyar da kai a ƙofar zaurenmu. "Aro na yi, Ikilima. Rigunan sanyi ne suka ƙi shiga jakata..."

Ɗan kawuna Sharfaddeen ne ya kawo min tsegumin akwatin, har da taya ni jimami, alhali duk Gwarzo an san so yake a fasa aurenmu ya maye gurbi.

Da mace ce ta ɗauke min hankalin Zayyad, da na san yadda zan yi da ita. Amma wani mataccen mutumin Rasha ne mai gemu kamar tsintsiya, wanda yake rubuta digirinsa na uku a kansa. Hotonsa ne a fuskar wayarsa, ba nawa ba. In ya taso daga koyarwa a Kabo ya zo zance, labarinsa nake sha: ya yi wa sarkinsu tawaye, ya sha kurkuku, ya zama minista, ya ƙare malamin jami'a. Ga shi an ɗaga bikinmu karo na biyu saboda zai je Mosko binciken takardun mutumin. Baba ya rantse babu na uku.

Kishi nake, kuma ba na jin kunyar faɗa.

"Ki fahimta, abar ƙaunata," ya ce. "Mutumin nan komai ya sadaukar. Har budurwarsa ya bari tana jira ya tafi juyin juya hali."

"Ya dawo ya aure ta?"

"Mulki ya sha kansa."

"Bayan mulkin fa?"

"Sai... karatu."

"Ya sunanta?"

Ashe bai sani ba. Mutumin da har lambar takalmin Mai Gemu ya sani!

"Ban taɓa dubawa ba."

"To, Allah ya kiyaye hanya. Ranar da za a rubuta naka tarihin, ni ma haka za a tsallake ni."

Na shige gida ina kuka.

Sati bai zagayo ba gwaggonninsa suka kawo lefe, babban akwatin ne a kan gaba. Aka ɗaura aure kafin tafiyar, rigunan sanyi kuwa a buhu suka je Mosko.

Daga can ya kira ni, muryarsa na rawa don sanyi.

"Amarya, na samo sunanta. Varvara. Wani likita ta aura, ta haifi 'ya'ya shida... Ashe ba ta jira shi ba."

"Mai hankali," na ce. "Ni ma saura ƙiris."