Laifin Da Aka Ɗora Wa Awara

Mardiyya na tsakar gida tana tace niƙan waken suya sai ga Badamasi, wan mijinta, ya faɗo ko sallama babu.

"Ke ce! Kullum kina ɗura wa Inna awara, ga shi asibiti sun ce sankarar nono ce. Saurari nan!" Ya kunna wata murya da aka turo masa a waya, wani na ta rantsuwa wai waken suya ke ciyar da cutar.

Mijinta Sunusi ya fito da sauri. "Haba Yaya! Inna ce fa ke aiko da kwanonta."

"Rufe min baki! Ko ka sallame ta, ko ka nemi wasu 'yan'uwan."

Mardiyya ta yi ta hawaye. Tun daminar bara, da ruwa ya ci shinkafarsu a Guri, Inna Larai ta nuna mata ƙullutu a nononta, ta sa ta rantse ba za ta faɗa ba, wai da kunya 'ya'yanta maza su ji. Ba irin roƙon da Mardiyya ba ta yi mata ba kan su je asibiti, Inna ta ce sai bayan girbi.

Sunusi ya ƙi rubuta saki. Ya kai ta gidan iyayenta a Malam Madori, ya ce, "Ki yi haƙuri, wallahi ba zan rabu da ke ba." A Haɗeja kuwa, inda suke zaune, zance ya bazu, har mata na hana yara sayen awara.

Ran da suka kai Inna asibiti a Kano, Badamasi ya kunna wa likita muryar.

"Kashe ta, Malam," in ji likitar. "Gaskiya waken na da sinadari mai kama da na jikin mace, kuma da aka ɗura wa ɓeraye shi da yawa, ƙullutun sankarar da ke jikinsu ya ƙara girma. Amma binciken da aka yi kan mata masu cin sa a abinci bai nuna yana ƙara cutar ba. Ƙwayoyin da aka tace sinadarin a ciki ne muke cewa a yi hattara da su. Mama, yaushe kika fara jin ƙullutun?"

Inna ta sunkuyar da kai. "Ya fi shekara. Mardiyya kaɗai ta sani, ni na hana ta magana... Sunusi, je ka ɗauko min 'yata."

Yau Mardiyya na ɗakinta, ita ke raka Inna karɓar magani. Haƙurinta ya riƙe mata aure, amma rantsuwar da za ta ɓoye ciwo ba abar riƙewa ba ce, kuma kunyar da ke hana zuwa asibiti ba tarbiyya ba ce.

Saura Badamasi. Ya aiko wa Mardiyya da turmin atamfa, wai shi ke nan. Ba shi ke nan ba! A bainar jama'a ya ɓata ta, a bainar jama'a zai wanke ta, da bakinsa.