Kan Injin da Iliya Ya Zaɓa

"Baƙin!" in ji Bawa, ya buga ƙafa a ƙasa. "Baƙin za a ɗora!"

"Farin," in ji Iliya, ko ɗago kai bai yi ba.

Rana tsaka ce, a bayan garejin Iliya da ke Kurmin Mashi. Mutum uku sun kewaye wata tsohuwar mota da aka farke wa ciki. A kan buhu ga kan inji guda biyu, abin da bakanikai ke kira tof. Ɗaya na baƙin ƙarfe, sai mutum biyu sun kama. Ɗaya na alminiyon, fari sol, wanda Iliya ya saya a hannun kukun wani Bature mai tseren mota da ya koma ƙasarsu. Duk wanda ya gan su zai rantse cinikin kayan gyara suke yi. Ina! Fashi suke ƙullawa.

Shekarar Udoji ce. Ma'aikata sun sami ƙari, gari ya haukace da sayen agogo da rediyo mai kaset, kuma wani Alhaji Husaini na Kinkinau ya cika sitonsa da su har rufi. Labaran, shugaban tafiyar, siririn ɗan gaye mai baƙin tabarau, shi ya hango sabgar. Bawa kuwa ƙato ne, tsohon yaron mota a manyan motocin hanyar Jos, ƙarfi kamar na ingarma, tunani kuwa sai a hankali.

Shi Iliya bakanike ne na gaske, yana da matarsa Rebecca da 'yarsu Deborah da ta fara tatata. Ciwonsa ɗaya: in ya ga inji mai kyau, hankalinsa sai ya tafi kiwo. Ba da kuɗi Labaran ya kama shi ba. Cewa kawai ya yi babu bakaniken da zai haɗa motar da za ta tsere wa 'yan sanda a Kaduna. Shi ke nan, wawan ya hau. A zamanin kuwa ɗan fashi ba ya dawowa ya ba da labari. Durom ake jerawa a fili, a ɗaure mutum a jiki a harbe shi, jama'a na kallo. Abin da ke tsakanin Iliya da durom ɗin nan inji ne kawai, ya kuma san da haka.

"Injiniya, yi mana bayani da Hausa," in ji Labaran. "Wanne zai kai mu Zariya da wuyanmu?"

"Oga, baƙin jaki ne. Ka dake shi, ka hana shi ruwa, ya tafasa, gobe ya tashi. Amma nauyi gare shi, kuma yana riƙe zafi a ciki. Farin nan doki ne. Ba nauyi, yana fitar da zafi da wuri, sai in matse shi ya ba ni wuta yadda nake so."

"Ƙarfen cokali!" in ji Bawa. "Ni shekara da shekaru ina bin mota, ban taɓa ganin baƙi ya ba mu kunya ba."

"Motocinku da keke ke wucewa a hawa?"

Labaran ya yi dariya. "To ina aibin dokin?"

Iliya ya ɗan sosa ƙeya. "Ba ya yafiya. In ya yi zafi fiye da kima, a bar shi ya huce da kansa. In aka takura masa sai ya lanƙwashe. In ya lanƙwashe kuwa, sai dai mu sauka mu taka."

"Zai yi zafin?"

"A hannuna? Haba, Oga!"

"Ɗora farin."

Iliya ya ɗora shi yana fito. Da ya tayar da injin, har kajin maƙwabta suka watse.

Ranar aiki, bayan azahar, Alhaji Husaini na zaune a ƙofar sito yana shan fura. Ƙiiii! Mota ta tsaya. Ƙofofi suka buɗe.

"Kowa ya kwanta! Ƙasa! Ƙasa!"

Labaran da bindiga, Bawa da adda. Alhaji ya kwanta da ludayi a hannu.

"Bayin Allah, ku bari in ajiye furar mana!"

"Rufe mana baki, tsoho! Ina agogunan?"

Iliya na bisa sitiyari, inji na kuka a hankali. Kwalaye suka fara shigowa. Agogo. Rediyo. Sai ya ji motar ta nutse — dum! Ya waiga. Bawa ne ke loda kekunan ɗinki, irin masu ƙafar ƙarfe!

"Kai! Mene ne wannan?"

"Oga ya ce a ɗauka. Mata na rububinsu!"

"Na rage nauyi a gaba, kuna zuba min dutse a baya? Oga!"

"Ja mota, Injiniya! Ja!"

Ya taka totur. Kai, farin kan nan ya yi rawar gani! Da duk lodin, motar ta zabura kamar an tsikare ta. Suka keta Kurmin Mashi, ta gaban garejinsa ma, suka yanki Mando, suka miƙe Kawo. Iliya ya manta da fashi, ya manta da durom. Dariya yake yi shi kaɗai.

"Bawa! Ka ji ƙarfen cokali?"

Bawa ya ƙanƙame kujera yana salati.

A caji ofis kuwa, Alhaji Husaini ya iso a bayan keke, fura har a gemu. Sajan Isa ya saurare shi, ya kira yaransa. Motarsu tsohuwar jif ce mai tari, sai da kurata huɗu suka tura ta sannan ta kama.

"Saja, da wannan za ku kamo su?" in ji Alhaji. "Wallahi tashi motarsu take yi!"

"Alhaji, hau kawai. Ba ta sauri, amma ba ta san tsayawa ba."

Bayan Rigachikun rana ta buɗe wuta. Bazara ce, kwalta har tana yauƙi. Iliya ya dubi allurar zafi, ya ga ta fara hawa. Ya sassauta ƙafa.

"Me ya faru?" in ji Labaran.

"Lodin ya yi yawa. A zubar da kekunan nan."

"A zubar da uwar wa? Taka!"

Ya taka. Fat! Wani abu ya tsinke a gaba. Allura ta haye ja. Tururi ya turnuƙe gilashi. Da ƙyar ya gangara gefen hanya, daidai bukkokin Katabu.

Ya ɗaga bonet ya leƙa. Fambel ne, bel ɗin fanka, ya tsinke. Ajiyar zuciya ya yi, don kan bai taɓu ba tukuna.

"Ba komai. Ga injin niƙa can, zan samo bel. Kafin in dawo ya huce. Kada wanda ya taɓa min mota. Bawa, da kai nake!"

Ya ruga.

To, mutanen Katabu ba sa ganin baƙo a rana su ƙyale shi. Kan ka ce kwabo an kewaye motar, ana ta sannu. Wata tsohuwa, Delu, ta fito da ƙatuwar ƙwarya, ta ɗebo daga randarta ta ƙuryar ɗaki, wadda ba a buɗewa sai don baƙo. Ruwa ne mai sanyin da ke kama haƙori.

"Sannunku, 'ya'yana. Ku jiƙa maƙoshi."

Bawa ya kurɓa, ya lumshe ido. Sai tausayi ya kama shi. Ga shi yana shan sanyi, ga baiwar Allah mota tana huci! A hanyar Jos, in babbar mota ta tafasa a hawa, aikinsa ke nan: ya ɗauko garwa ya sheƙa mata, ta yi atishawa, a wuce.

"Iya, akwai ƙari?"

"Randa guda, ɗana."

Ya sa tsumma ya buɗe lagireto, tankin ruwan injin, ya tuttula. Sauran ya watsa a kan farin kan nan. Ƙwarya ta biyu. Ta uku. Caaaa!

Iliya na dawowa da bel a wuya ya hango farin hayaƙi. Ya ji wata 'yar ƙara — ƙas! — ƙaramar ƙara, amma har cikin hanjinsa.

"Bawa! Ka kashe mu!"

"Taimakonta na yi! Ai ka ga ta daina huci."

Ya ɗaura bel. Ya murɗa makulli. Gur-gur-gur... shiru. Ya sake. Ruwa ya fara tsartuwa ta gefen gaskit, inda kan ya haɗu da jikin inji.

"A tura! Jama'a, a taimaka a tura!"

Mutanen kirki suka dafa mota, har da liman. Ana cikin turawa Labaran ya hango ƙurar jif ɗin 'yan sanda daga kudu. Ya saɓi jakar agoguna, ya nuna wa wani mai babur bindiga, ya haye.

"Oga! Mu fa?"

"Ku ji da ƙarfenku!"

Ya bar su da hayaƙi. Bawa ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya cika wandonsa da iska, ya faɗa gonakin da ko kara babu a cikinsu. Ƙato kamar wannan, ina zai ɓuya?

Iliya fa? Ga daji a buɗe, ga ƙafa lafiya lau. Ya taka sau biyu, ya tsaya. Tsagewa kan ya yi, ko lanƙwasa? In lanƙwasa ce ai ana iya fere shi. Bari dai ya duba, yanzun nan. Ya ɗauko sifana.

Haka Sajan Isa ya same shi, rabin jikinsa a cikin inji.

"Malam, fito."

"Riƙe min wannan notin tukuna."

Saja ya karɓa, ya leƙa shi ma. "Alminiyon? A wannan ranar? Ai da baƙi ka sa."

"Ba laifin kan ba ne, ranka ya daɗe! Ruwan randa aka sheƙa masa!"

Har aka sa masa ankwa yana musu. Alhaji Husaini kuwa ya rungumi keken ɗinki yana yi wa Delu godiya, ita ko tana ta tambaya ko baƙin sun ƙoshi da ruwa.

Dariyar ta tsaya a nan. Labaran bai kai Jaji ba. Ya buɗe wa 'yan sandan shinge wuta, suka mayar masa, a nan ya kwanta. Bawa, da ya sari wani ɗan dako a sito, ya tsaya a jikin durom. Iliya ya tsira da wuyansa don shaidu sun ce bai sauka daga mota ba, bai riƙe makami ba. Aka ba shi shekara ashirin da ɗaya.

Bayan an yi gwanjon gawar motar, Rebecca ta zo gidan yari ranar ziyara, Deborah a goye, da sabuwar tukunya fara a hannu, cike da fate.

"Baban Deborah, ka gane ta?"

Ya ƙwanƙwasa gefen tukunyar da farce, ya saurara. Idonsa ya kawo ruwa.

"Kan injina ne."

"Ni na saye shi. Na kai wa masu zubin tukwane, suka fitar min da uku. Da su nake sayar da abinci a bakin garejinka, da su za ta yi makaranta." Ta kwance goyon, ta tsayar da yarinyar a gabansa. "Gai da babanki."

Deborah ta dube shi, ta dubi kayan fursunan da ke jikinsa, ta koma bayan zanin uwarta ta ɓuya.

Iliya ya ci faten nan yana kuka, har ya sanyaya a hannunsa.