Sa Hannun Ranar Ashura

Kun san irinsu, kada ku ce ba ku sani ba. A kowane lungu na birnin Multan akwai yarinyar da ke zaune gaban kwamfuta tana yi wa mutanen ƙasar waje aiki. Kuna cin guminta, amma ba ku taɓa tambayar wa ke kare ta ba. Tanzila Ansari ɗaya ce daga cikinsu. Furannin jikin shuɗin tangaran take zanawa a na'ura, tana sayar wa masu buga yadi. Wata safiya ta buɗe shafinta na ciniki ta tarar an rufe. Wani kamfani a Turai ya ce zanen duk nasa ne: wai ta sa hannu ta intanet, ta sallama masa aikinta na baya har da wanda ba ta zana ba tukuna.

A caji ofis na unguwarsu dariya aka yi mata. "Ba takarda mai hatimi, ba dangwale, ina kwangila? Je ki gida, 'yata."

Sifeto Shagufta Khosa ta sashen laifukan intanet ba ta yi dariya ba.

"Mutanen caji ofis sun yaudare ki," in ji ta. "Doka ta yarda da sa hannun na'ura. In ke kika danna, kin ɗaure kanki kamar kin dangwala gaban alƙali. In ba ke ba ce, sai mun nuna wanda ya yi."

"Wallahi Baji ba ni ba ce," in ji Tanzila, Baji kuwa a bakinsu yaya ke nan. "Kamran ya turo min kwangilar, na karanta, na ce ko a mafarki."

Kamran Bhatti dillali ne, shi ke haɗa masu zane da kamfanoni. Da aka kira shi ofis, ya zo da ƙamshin turare da kwalin alewa, Shagufta ta ture kwalin gefe.

"Ranki ya daɗe, ni ɗan aike ne. Ta ƙi, na haƙura. Ina Lahore sai ga sa hannu ya shigo. Na ce yarinya ta yi hankali."

"Kai ka sa mata hankalin?"

"Da me? Sai an tura lambar sirri zuwa wayarta, an shigar, sannan hannu ya hau. Wayarta a aljihuna take?"

Bayanan kamfanin sun gaskata shi. An tura lambar zuwa layin Tanzila, an kuma shigar daidai. Saura Uzma, ƙawarta da suke aiki da kwamfuta ɗaya, wayar Tanzila kullum a gabanta.

"Yaushe aka ce an yi?" Uzma ta tambaya.

"Goma ga Muharram, da azahar."

"Ranar Ashura? Haba Baji! Ni da ita muna ƙofar gida muna miƙa wa masu jerin gwano madara mai sanyi, hannuna har ciwo ya yi. Tambayi duk unguwa."

Shagufta ta ajiye alƙalami. Ita ma ranar tana bakin aiki a tsohon gari, wayarta a mace, domin kamar kowace shekara an katse layukan waya a inda ake jerin gwano. Saƙo ba ya shiga wayar da ba layi. Ke nan lambar sirrin ba a unguwar Tanzila ta sauka ba. Ta sallami Uzma, ta juya ga Tanzila.

"Bayan Ashura wayarki ta dawo?"

"Ta kowa ta dawo, tawa ta ƙi. Kawu Liaqat ya karɓa ya kai gyara."

"Da sunan wa aka yi rajistar layin?"

Tanzila ta sunkuyar da kai. "Da nasa. Lokacin ba ni da katin ɗan ƙasa. An ce mace ba ta buƙata sai za ta yi aure."

Kawu Liaqat, yayan mahaifiyarta, ya zo washegari yana gyara rawani. Tun rasuwar mahaifinta shi ke da magana a gidan.

"Ina kake ranar Ashura, Malam Liaqat?"

"A gonar mangwaro, can Shujabad. Laifi ne?"

"Akwai layi a can?"

"Tangaran. Mu ba a katse mana."

"Wayar Tanzila fa, me ya lalace?"

"Ɗan gyara ne."

"Wane shago?"

Ya ɗaga kai yana kallon fanka.

"Bari in taya ka," in ji Shagufta. "Jiya na nemi bayanin layin. An sake fitar da shi a sabon kati a Shujabad, ana gobe Ashura, kuma ba a yin haka sai da babban yatsan mai rajista. Sabon kati na kamawa, tsoho ya mutu. Ka zaɓi ranar da wayar kowa a mace take don kada ta lura. Da layin ka buɗe akwatin saƙonta, ka karɓi lambar, ka danna da sunanta. Kuɗin kamfanin suka faɗa asusun wayar, ka kwashe. Sannan ka zare tsohon kati daga wayarta ka sa sabo, ka ce gyara ne."

Liaqat ya buga tebur. "Layina ne! Yarinyar a hannuna ta girma. Kamran ya ce min tana wasa da arziki. Babba ba zai yanke wa 'yar gidansa shawara ba?"

"Layin naka ne. Sunan ba naka ba ne." Ta dubi kofur ɗin da ke bakin ƙofa. "A dawo min da mai alewa, ashe ba ɗan aike ba ne kawai."

Liaqat ya juya ga Tanzila, murya ta sauka. "'Yata, ki ce kin yarda, magana ta mutu. Za ki kai kawunki kurkuku? Me za ki gaya wa uwarki?"

Shagufta ba ta ɓoye mata komai ba. "In kin ce kin amince, kwangila ta zauna, zanenki ya tafi har abada. In kin shigar da ƙara, da rahotona za ki nemi kotu ta rushe ta. Kamfanin zai ja, gida kuma zai yi zafi."

Tanzila ta miƙe. "Kawu, Umma ni zan gaya mata da bakina. Baji, ba ni alƙalami. Wannan ni zan sa da hannuna."

Ta sa. Kawunta ya fita tsakanin 'yan sanda biyu yana tsine wa zamani.

Kai kuma da ke karantawa, yau ɗin nan ka tambayi ƙanwarka ko 'yarka da sunan wa layin wayarta yake. In naka ne, tashi ka raka ta a mayar mata da shi.