Bakanike Mai Farar Riga

An yi wani bakanike da ya yi suna wajen gyaran manyan motocin Turai, har ya daina shiga ƙarƙashin mota don kada farar rigarsa ta ɓaci. Ran nan wata Hajiya ta kawo motarta, motar tana ƙara duk sa'ad da ta faɗa rami.

Daga kan kujera ya ce, "Shakazoba ce." Aka canza, ƙara tana nan. Daga kan kujera ya ce, "To, sifirin ɗin ƙafar motar ne." Aka canza, ƙara tana nan.

Sai Hajiya ta shimfiɗa mayafinta a ƙarƙashin motar, ta ce, "Malam, da ita nake kai mahaifiyata asibiti. Bismillah, ga shimfiɗa."

Kunya ta kama shi. Ya naɗe mayafin ya miƙa mata, ya kwanta a turɓaya. Nan take ya ga wata 'yar roba da ta tsage, ashe ita ke jawo ƙarar.